Hular Mai Launi Shida

Shekara biyu da samun 'yancin Dahome, aka turo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Jugu zuwa Paraku, Mushe Abdulbaƙi. Ran nan ya shiga Zongo neman hula, aka nuna masa gidan Labbo mahauci. 'Yarsa Tasalla, mai ɗinkin hula, ita ce ta fito da huluna a faifai. Wallahi bawan Allah ya gwada bakwai, ko ɗaya bai kalla ba.

"Mushe, hula ka zo saye ko kallo?" in ji ta.

"Duka biyun, Tauraruwa."

Da magana ta kai ga Labbo, ya ce shi bai yarda da 'yan boko ba, bakinsu ya fi aikinsu. Audi mai shagon yadi, wanda ya daɗe yana son Tasalla, ya ƙara zuga shi. Audi ya ce a ba su lissafi su biyu, shi da malamin, a raba ɗaya gida bakwai. Wanda ya kai ƙarshe, shi ne mijin.

Abdulbaƙi ya rubuto mata: "Tauraruwata, wannan lissafi ba ya ƙarewa. Ɗaya, huɗu, biyu, takwas, biyar, bakwai, sai ya komo ɗaya. Ba zan yi wa Baba ƙarya ba, ko da zan rasa ki."

Ta mayar masa: "Rasa wa? Aiko mini da awon kanka."

Ranar Juma'a aka taru a zaure. Audi ya miƙa takarda, ya ce tun jiya ya gama. Abdulbaƙi ya ce, "Baba, ni ban gama ba, kuma ba mai gamawa." Ya cire sabuwar hularsa ya miƙa. Tasalla ce ta ɗinka ta, ta ba kowace lamba launin zarenta, shida suna bin juna har suka zagaye hular.

"Baba, a nemo mana inda ya tsaya," in ji Abdulbaƙi.

Labbo ya ɗora yatsa a kan ja, ya bi, ya bi, ya komo ja. Ya sake zagayawa. A karo na uku ya fashe da dariya.

"Audi, kai a ina ka tsaya?"

Audi ya hau sosa ƙeya.

"Wanda ya gama abin da ba ya ƙarewa, ba na ba shi ko ƙashi, balle 'ya."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka kai amarya Jugu da guɗa, ango da hularsa. Allah Ya ba su zama irin na zaren nan, Ya ba ku ku ma.