Yarinyar da Ta Ɗaure Ƙafarta a Kujera

A gidansu Mazari ake kiranta, domin ba ta zama wuri ɗaya. Idan aka ce ta zauna, ƙafarta na rawa. Idan aka riƙe ƙafar, yatsu su karɓa. Idan aka aike ta ɗauko cokali, sai ta dawo rungume da kyanwa.

Da ƙyar ta gama firamare. Ba wai ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Malam zai fara bayani, ƙuda ya gifta, shi ke nan Mazari ta bi ƙuda.

Umma ta kai ta wurin likita. Ya yi musu tambayoyi masu yawa. Daga ƙarshe ya ce tana da wata lalura da ake kira ADHD. Ya ce ba rashin ji ba ne. Hankalinta ne ke saurin tsallakewa, jikinta kuma na son motsi. Ya ce a nema mata makarantar da za ta taimaka mata.

Da suka dawo gida, Mazari ta ɗora tabaran Abba a ƙarshen hancinta. Ta kumbura murya ta ce, "Maman yarinya, ki kwantar da hankalinki. Hmm. Hmm. To. Hmm."

Kowa ya yi dariya, har Abba. Gwaggo, yayar Abba, ita ce kaɗai ba ta yi ba.

"Wace lalura?" in ji Gwaggo. "Mu a zamaninmu sunanta rashin duka. Ku kai ta makarantar da ɗana yake, su gyara muku ita."

Mazari ta cire tabarau. Ta turo baki.

"Ni lafiyata lau," ta ce. "Ba na son a taimake ni. Makarantar da Gwaggo ta faɗa nake so. Zan nuna muku."

Abba ya ce, "Za mu duba makarantun kuɗi guda biyu. Ki yini a kowacce, sannan mu zaɓa."

Makaranta ta farko, wadda ɗan Gwaggo yake, babba ce. Ƙasanta na sheƙi kamar madubi. Ga shiru, kamar ko tari sai an nemi izini. Shugabar makarantar tana magana tana jan kowace kalma.

Umma ta fara cewa, "Malama, akwai abin da likita ya gaya mana game da…"

"Na warke!" Mazari ta yi caraf.

Umma ta harare ta. Ta ƙarasa bayaninta duk da haka.

Shugaba ta ce, "Tooo, tunda ta warke, madalla. Mu a naaan, yaro zama yake yi. Ba ma raino."

Aka kai Mazari aji. Ta zauna ta haɗe hannu. Can sai ƙafar dama ta fara. Ta danne ta da ta hagu. Ita ma ta hagun ta ɗauka.

"Yau sai na yi maganinku," ta faɗa a ranta.

Ta sunkuya a hankali. Ta kwance igiyar takalmanta. Ta ɗaure kowace ƙafa a jikin ƙafar kujera, tamau.

Ƙafafun suka tsaya. Amma duk hankalinta ya koma kansu. Suna mata ƙaiƙayi. Suna mata zafi. Malamin lissafi yana ta bayani, ita ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

"Baƙuwa," in ji malamin, "zo allo ki yi mana wannan."

Allo! A tashi tsaye! Daɗi ya kama Mazari, ta manta da igiya. Ta yi zumbur.

Rim! Ita da kujera suka kife. Teburin gaba ya goce, littattafai suka watse. Leɓenta ya fashe. Ajin nan mai shiru ya ɓarke da dariya.

Malamin ya ga ɗaurin. Ransa ya ɓaci.

"Wasa kika zo yi mana?"

"Ba wasa ba ne, Malam. So nake in zauna."

"Fita!"

Ta ƙarasa yinin a benci a ƙofar ofis, takalmi a hannu.

A gida Mazari ba ta kwaikwayi kowa ba. Umma tana goge mata leɓe da auduga.

"Me ya sa kika yi haka?" Umma ta tambaye ta.

"Ba na son a ce ni daban ce."

"To, ɓoyewar ta yi miki amfani? Me kika koya yau?"

Mazari ta ce, "Na koyi cewa kujerarsu na da nauyi."

Umma ta danne dariya. "Gobe kada ki ɓoye komai. Ki faɗi abin da ke ba ki wuya. Wanda bai sani ba, ba zai iya taimaka miki ba."

Makaranta ta biyu ƙarama ce. Fentinta ya fara koɗewa. Malamar ajin gajera ce, hannun rigarta duk alli.

Mazari ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ɗaga kai, ta riƙe ƙugu.

"Malama, ni ba na iya zama wuri ɗaya. Ina mantuwa. Ina katse wa mutane magana. Jiya na faɗi da kujera. In za ku kore ni, ku kore ni tun yanzu."

Umma ta dafe goshi.

Malamar ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Wa ya gaya miki zama muke koyarwa? Lissafi muke koyarwa. Biyo ni."

A bayan aji akwai wani dogon tebur, ba kujera. Wani yaro na tsaye a wurin yana rubutu, yana lilo da jikinsa. Ba wanda ya kula shi.

"In kin gaji da zama, ki zo nan," in ji Malama. "Amma akwai doka. Ba taɓa kayan wani. Kuma in kina da magana, hannu ne zai fara tashi, ba baki ba."

Aka raba aikin lissafi. Mazari ta ga tambayoyi cike da takarda, ta zaro ido. Malama ta zo ta ninke takardar, ta bar tambaya biyu kawai a fili.

"Yi waɗannan ki kawo mini."

Mazari ta yi, ta ruga ta kai. Malama ta buɗe mata wasu biyun. Ta dawo ta yi. Da ta fara leƙen taga, Malama ta wuce ta ƙwanƙwasa teburinta da yatsa. Mazari ta dawo kan aiki.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wata yarinya na ba da amsa, Mazari ta yi tsalle ta riga ta. Malama ta ce, "Amsarki daidai ce, amma kin ƙwace wa wata. Ba ta haƙuri."

Mazari ta ɓata rai. Amma ta ba da haƙurin.

Kafin a tashi, ta miƙa hannu a ba ta wasu tambayoyin.

"Sun ƙare," in ji Malama. "Kin gama duka."

Mazari ta juya takardar gaba da baya. Tunda take, ba ta taɓa kai takarda ƙarshe ba.

Da yamma aka zauna a falo. Gwaggo ta zo da labari.

"Na roƙar muku Shugabar babbar makarantar. Ta ce za ta karɓi Mazari, in ta yi alkawarin zama kamar kowa. Ina amfanin waccan ƙaramar? Ko motar ɗalibai ba su da ita."

Abba ya juya wurin Mazari. "Ke kika yini a can da nan. Me kika gani?"

Bakin Mazari ya buɗe. Sai ta tuna, ta rufe shi, ta ɗaga hannu. Abba ya yi murmushi ya ce, "Bismilla."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba. A babbar makaranta na yi ƙarya na ce na warke, na dawo da fasasshen leɓe. A ƙaramar na faɗi gaskiya, na gama lissafina. Ni karatu nake so. In a tsaye zan iya, a tsaye zan yi."

"Ji bakinta!" in ji Gwaggo.

"Ai ta ɗaga hannu, Yaya," in ji Abba.

Mazari ta miƙa takardar lissafin, Gwaggo ta karɓa. Ta duba ta a hankali. Ta sake dubawa.

"Ke kika yi wannan duka? Da kanki?"

"Da kaina, Gwaggo."

Gwaggo ta yi gyaran murya. "To, ku kai ta. Amma ni ce zan zo duba sakamako."

Aka sa Mazari a ƙaramar makaranta. Har yanzu tana mantuwa wani lokaci. Har yanzu ƙafarta na rawa. Amma tana karatu, ta yi ƙawaye, kuma ba ta jin kunyar cewa, "Malama, ban gane ba, a sake mini."

Yara, neman taimako ba abin kunya ba ne. Kada ku ɓoye abin da ke ba ku wuya. Ku faɗa wa iyayenku da malamanku gaskiya, domin su sama muku wurin da za ku koya da kyau.