Hannun Daman Anacleto

Ku da kuke tsayawa gaban hoton Anacleto a shagunan askin San Pedro, hula a karkace, ƙafa ɗaya a sama, kuna cewa ina ma ku ne, ku matso ku ji abin da hannun nan ya ci. Ni na san shi tun yana Cleto ɗan Doña Eufemia mai tuyar ayaba, yana jifan murafen kwalba a bayan kamfanin sukari.

Mu nan garin ba ma miƙa abu, jefawa muke. Ka ce a ba ka ashana, sai ka gan ta tana tahowa a iska. Uwa tana gaban murhu za ta cillo wa ɗanta mangwaro ta taga, ya cafe da hannu ɗaya ko waiwaye bai yi ba. Wasan ƙwallon besbol ne ya shiga jininmu har ya zama haka, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar abin a bakin komai.

Cleto mai jifa ne, wanda ke hawa ɗan tudun tsakiyar fili ya wurga ƙwallo, mai gora ya kai mata duka, in ya kuskure ta faɗa cikin safar fatar mai cafewa. Saiti kam yana da shi, ƙarfi ne babu. Masu neman 'yan wasa su zo daga Amurka, su auna gudun ƙwallonsa, su taɓe baki su wuce wajen ƙananan yara. Shi kuwa ya haura ashirin, a sana'ar nan ya tsufa ke nan. Abokansa suna tsokanarsa wai kafin ƙwallonsa ta iso, mai gora zai iya zuwa ya sha kofi ya dawo. Yana taya su dariya, amma abin yana cin ransa. Kada kuma wani ya ce yunwa ce ta kore shi, don shinkafa da wake ba su taɓa yankewa a gidansu ba, matarsa Miosotis ma tana ɗinki, ga ta da ciki. Sarƙoƙin zinare ne ya gani a wuyan sa'anninsa, barci ya ƙaurace masa.

Wata rana da rana tsaka ya kutsa cikin gonakin rake, har inda hanyar jirgin ɗaukar rake ta ƙare. Nan bukkar tsohon boka Don Serapio take. A waje rana tana ƙuna, a ciki kuwa sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Kyandirori ja da baƙi suna ci ba sa haskaka komai. Hotunan waliyyai duk an juya fuskokinsu bango. Ga kwalaben giyar rake, ga ƙoƙon kan akuya cike da toka, ga ƙarnin tsohon jini. A kusurwa akwai wani abu ɗaure da sarƙa, in ka kalle shi kare ne baƙi, in ka sake kallo ya fi kama da alade. Mutanenmu suna ce masa bacá, amma ba sa faɗa da ƙarfi.

Tsohon bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ya kama hannunsa na dama yana lallatsawa, kamar mai sayen nama.

"Za mu shiga cikinsa," in ji shi. "Ba mai gorar da zai sake ganin ƙwallonka."

"Nawa zan biya, Don?"

"Ka riƙe kuɗinka, ɗana. Sharaɗi ɗaya ne. Daga yau hannun nan ba ya jefa komai sai ga mai safar fata. Duk wanda tafinsa yake tsirara, miƙa masa za ka yi."

Cleto ya kusa yin dariya. A fili ai kowa da safarsa. Ya ce, "In na manta fa?"

"Shi ba ya mantuwa," tsohon ya ce, yana nuna kusurwa da haɓa.

"Me zai faru?"

"Ka zo neman hannu ne ko ka zo tambaya?"

Cleto ya miƙa masa hannun. Tsohon ya yanka baƙin zakara, ya wanke masa hannu da jinin tun daga kafaɗa har farce. Ya tsaga masa gwiwar hannu, ya cusa wani ƙulli, ya ɗinke da jan zare irin na jikin ƙwallo. Sannan ya ja shi kusurwa. Abin nan ya miƙo wuya ya lashi tafinsa, harshen sanyi ƙalau.

Abin da ya biyo baya duk kun sani. Ƙwallon Cleto ta koma sai dai a ji ƙararta a cikin safa. Aka ɗauke shi zuwa Amurka, muka riƙa taruwa a shagunan unguwa muna kallonsa, masu tsokanarsa jiya su ne a gaba wajen ihu. Miosotis ta haifi mace, aka sa mata Yaniris. A can ana ce masa marowaci, don sauran 'yan wasa suna cilla wa 'yan kallo ƙwallo, shi ko sau ɗaya bai taɓa ba. Bai damu ba, yana kiyaye sharaɗi.

A gida ya manta. Ya gina wa uwarsa bene mai baranda, ya kawo ta gani, unguwa ta cika da kiɗa. Tana tsaye kan matakala tana share hawaye, shi yana jikin mota, farin ciki ya ɗebe shi. Ya ce, "Mama, riƙe!" Ya cilla mata makullan. Tsohuwa ta cafe da hannu ɗaya, mutane suka yi tafi. Kafin mako ya zagayo hannunta ya yi baƙi har kafaɗa, likitoci suka rasa gane kansa. Ta rasu ba ta taɓa kwana a benen ba.

Cleto ya yi kuka, kuka na gaske. Amma ya ce wa kansa ciwon sukari ne, ya koma Amurka, shekarar kuwa jifansa ya fi na kullum wuta.

Ta Miosotis ta zo a kan lemo. Suna zaune a tsakar gida yana ɓarewa, ta ce ya sam mata, hannun ya riga tunaninsa. Yana ganin lemon a iska ya daka mata tsawa ta bari, ina, 'yar garinmu ce, ta riga ta cafe. Ita ba ta mutu ba, da ma ta mutu. Ta fara cewa baƙin kare yana kwana a ƙarƙashin gadonta, daga nan ta daina gane 'yarta, ta koma zama a ƙasa tana kai hannu tana cafe abin da ba kowa ke gani ba. Har yau tana gidan mahaukata a babban birni.

Sai a lokacin ya koma gonar rake, ya zube gaban Don Serapio, ya ce a karɓe gidaje da motoci a sake shi. Tsohon ya zaro addar saran rake ya ajiye a gabansa.

"Ba mu da abin yi da motarka. Ka sare shi daga gwiwa ka bar mana, mun rabu."

Cleto ya daɗe yana kallon addar. Ya tuna sabuwar yarjejeniyar da ke jiransa, ya tuna filin da ke kiran sunansa. Ya ce zai dawo in kakar wasa ta ƙare. Tsohon ya yi murmushi ya mayar da addarsa. Kaka ta ƙare, wata ta shigo, Cleto bai koma ba. Dabara ya yi, in yana gida sai ya cusa hannun a aljihu, ya ci da hagu, ya gaisa da hagu. Yaniris ta taso tana son ƙwallo kamar ranta, kullum tana binsa, Papa jefo mini, ko sau ɗaya. Ya sayo mata safa, amma tsoro ya hana shi ko da safar. Yarinya ta ɗauka ubanta ba ya sonta, shi kuwa duk duniya ita kaɗai ta rage masa.

Wata shekara bayan kakar wasa ta ƙare, yana gida, aka yi kwanaki ana ruwa, kogin Higuamo ya cika ya batse. Da safe mutane suka fita kallo, Yaniris na cikinsu. Gaɓa ta zabtare da ita. Ruwa ya ja ta tsakiya, ta maƙale a reshen wata bishiya da ambaliya ta kayar, reshen yana lanƙwasa. Ba mai iya shiga. Wani masunci ya ɗaura igiya a jikin busasshiyar kwakwa, maza suka yi ta jifa, ko rabi ba sa kaiwa. Cleto ya karɓa ya jefa da hagu, ta faɗi kusa. Ya sake, ta faɗi. Mutane suka fara zaginsa, wane irin uba ne wannan, ga hannun da duniya ta sani yana ɓoye shi a aljihu.

Ya ji muryarta sama da ƙugin ruwa: "Papa, jefo mini!"

Ya zaro hannun. Na ga jifa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Kwakwar ta tafi sak, ta sauka cikin tafukanta biyu. Aka jawo ta, gari ya ɗauki sowa, ta rungume shi tana dariya tana cewa ya ga yadda ta cafe. Shi kaɗai ne ba ya murna. Yana riƙe da ita yana kallon yatsunta, waɗanda tuni suka fara sanyi.

Ranar da aka binne ta ya ɗauki adda ya sare hannun a bakin kabarin. Ya kai gonar rake, ya tarar babu bukka babu tsoho, sai guntun sarƙa a ƙasa. Dukiyar ta bi ruwa, benen ma jemagu ne a ciki.

To, ku samari masu ganin rabonku ya yi jinkiri, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya kuma ba ya son kuɗinku, mutanen gidanku yake so, kuma da hannunku za ku ba shi. In kuna ganin ƙarya nake, ku je ƙofar filin wasa ranar da ake buga ƙwallo. Yana nan zaune a ƙasa, hannun riga ɗaya a naɗe. Masu wucewa suna cilla masa 'yan sulallan peso yadda muka saba, shi kuwa ba ya kai hannu, sai dai ya bi su da ido har su faɗi.