Waken Inna Marka

A fadamar Malam Dikko da ke Nasarawa Burkullu ne Maccido ya fara ganin Zinariya, ɗiyar mai fadamar, da ranin 1984. Tana durƙushe cikin kunyoyin wake tana tsinke ganyen da ya ƙone. Shi ne sabon malamin gona, kuma shi ya raba wa manoma wannan iri.

"Kai ne ka kawo muna wannan?" ta tambaya, ta miƙa masa ganye.

Ya juya shi a tafinsa. Ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, babu tsutsa, babu ƙwaro. Can gefe kuwa, kunyoyi uku kore shar.

"Waɗancan fa?"

"Irin Innata ne. Ta ƙi naka."

Tun ranar ya riƙa zuwa duba wake, har ya fara kiranta Zinarina, ita kuma tana sunkuyar da kai.

Amma waken garin duka ya lalace, ga shi damina ba ta yi kyau ba. Atiku, ɗan wan mahaifinta da ke sonta, ya baza cewa Maccido ya san irin matacce ne. Da manyan Maccido suka je neman aure, Malam Dikko ya ce, "Wanda ya sa gari yunwa ba ya zama surukina."

Aka mayar da Maccido Anka. Kafin ya tafi, Inna Marka, mahaifiyar Zinariya, ta damƙa masa irin wakenta a ƙulle. Ya kai shi Zariya tare da nasa, wurin tsohon malaminsa, aka shuka.

Wata bakwai babu labari. Inna Marka ta kwanta ciwo, ta rasu. Zinariya ta rame, ta ɗauka ya manta da ita. Sai ga wasiƙarsa a hannun Goggo Nana, ƙanwar babanta:

"Zinarina, na ji rasuwar Inna, na yi kuka. Kunya ta hana ni rubutu. An gano ciwon waken. In hayaƙin ƙunar daji ya haɗu da zafin rana, wata iska mai suna ozon takan samu, ta shiga ganye ta ƙone shi. Ganyen waken Inna cike yake da bitamin C, irin na lemun tsami, shi ke tare dafin. Nawa ba shi da shi sosai. Inna ta fi ni sani."

Ta aika masa layi ɗaya: "Ba ni za ka gaya wa ba, Baba ne."

Ranar Juma'a ya zo, ya durƙusa a zauren Malam a gaban mutane, ya kwance buhu.

"Malam, ban yi da gangan ba, amma ni na yi kuskure. Ga irin marigayiya, mun ninka shi. A raba wa kowa."

Malam Dikko ya ɗebi waken ya daɗe yana kallo. Idonsa ya ciko.

"Shekara talatin tana ɓoyonsa cikin toka, ina yi mata dariya," ya ce. "Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba kiɗa, don gidan bai gama makoki ba. Goggo Nana ce ta kai amarya. Kafin su fita, a bakin ƙofa Malam ya dafa kan ɗiyarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Zinariya ta ce amin cikin mayafi. Da aka kai ta ɗakinta, Maccido ya riƙe hannunta.