Baƙuwa Mai Ɓoye Hannu

A wani zamani, wata yarinya ta gama makaranta tana neman sana'a. Sai ga wata baƙuwa ta yi sallama.

"Shekarata talatin ina rini, 'yata," in ji ta, murya kamar zuma. "Biyo ni birni in koya miki."

Uwar yarinya ta hau ɗaure kaya. Yarinya kuwa ta zuba ido. Aka gaisa, baƙuwa ta ɓoye hannu cikin mayafi. Aka kawo ruwa, ta ɓoye hannu cikin mayafi.

Sai yarinya ta kawo tuwo. "Bismillah, Gwaggo."

Yunwa ta fito da hannun, tas da shi, ko ɗigon shuni babu a farce.

Yarinya ta lanƙwasa murya tana kwaikwayon baƙuwa. "Shekara talatin, 'yata! Inna, kwance kayan nan."