Gugan Farko na Rijiyar Talaje

Ku da kuke murɗa famfo ruwa ya zubo, ba ku san kome game da ruwa ba, kuma ban ga laifinku ba. Ni Yakuba na sani, don shekara talatin na yi ina haƙar rijiya, tun daga ƙasar Adar har nan Yamai. Labarin da zan ba ku na Zailani ne, abokin aikina. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, ya hana ni zama wuri ɗaya, yau kam sai na amayar da shi.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye ƙasa. Shanu sun ƙare, ƙauyuka sun watse, mutane suka yi ta kwararowa Yamai, wasu aka jibge su a sansanin Lazare, wasu suka kafa bukkoki a bakin gari. Talaje sabuwar unguwa ce lokacin, ba famfo, ba inuwa, mata na yini a hanya saboda tulu ɗaya. Sai ma'aikatar magajin gari ta fara ba da kwangilar rijiyoyin siminti a sababbin unguwanni. Sharaɗin a fili yake: wanda ya iske ruwa a ƙara masa wata, wanda ya tarar da dutse ya kama gabansa.

Zailani ya samu biyu. Duka biyun muka nutsa gaba ashirin, muka ci karo da dutse, ko danshi babu. Mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanciya. In motar wani ɗan kwangila ta wuce, sai ya bi ta da ido har ta ɓace, ya yi tsaki, ya jefar da diga. Ga shi yunwa ta koro masa tsohuwarsa Inna Delu daga ƙauye, ta tarar da shi da matarsa Hawwa da ƴarsu Jamila cunkushe a ɗaki ɗaya na haya a unguwar Kalley. Da aka ba shi rijiya ta uku aka ce ita ce ta ƙarshe, sai ya ja ni gefe ya tambaye ni bokan nan na ƙetaren kogi da tsofaffin mahaƙa ke raɗe-raɗinsa. Ni na kai shi, ba zan ɓoye ba.

Da rana tsaka muka haye gada, muka bi wata busasshiyar ƙorama har gindin duwatsu. Bukkar bokan a kan bakin wata tsohuwar rijiya aka gina ta, rijiyar tana tsakar ɗaki, baƙi ƙirin, iska mai zafi na tasowa daga cikinta. An jera tuluna kewaye da ita, dukansu a kife. Daga rufin an rataye tsofaffin wasakai, gugunan fata, sun bushe sun ƙandare, ƙasa kuma ƙasusuwan awaki ne fari fat. Shi kansa bokan siriri ne, leɓunansa duk sun tsattsage. Bai ba mu ruwa ba. A ƙasar nan ko maƙiyinka ya shigo gidanka da rana sai ka miƙa masa moɗa, tun daga nan jikina ya yi sanyi.

Ya karɓi gorar ruwan da muka zo da ita ya juye ta duka cikin ramin. Na kasa kunne in ji faɗuwar ruwan, ban ji ba, sai wata ƙara kamar ta mai haɗiya. Ya zura wasaki ya jawo shi cike da rairayi, ya ce Zailani ya fito da harshe, ya barbaɗa masa, ya ce ya haɗiye. Sannan ya tona cikin rairayin ya fito da wani guntun baƙin ƙarfe mai tsini.

Ya ce, "Duk inda ka kafa wannan, ruwa na ƙasa. Amma mai ramin nan ƙishirwa gare shi. In ruwan ya kwanta ya yi garau, gugan farko nasa ne."

Zailani ya ce, "In zuba masa a ƙasa ke nan?"

"Ƙasa ba ta da maƙogwaro."

"To akuya. Ko sa, in Allah ya hore."

"Maƙogwaron da ke magana. Kai za ka ja, hannunka zai miƙa."

"Wanda ya sha ɗin, me zai same shi?"

Bokan ya lashi leɓe ya ce, "Haƙa ka zo nema ko jinya?"

Zailani ya juya ƙarfen a hannu. Can ya tambaya ko dole sai wani nasa. Bokan ya ce mai ramin ba ya zaɓe, ko wane ne ya yi.

A kan gada na roƙe shi ya jefa abin nan cikin kogi. Ya ce mini, "Baba Yakuba, dubi garin nan. Cike yake da mutanen da ba wanda ya san sunansu, yunwa na ɗibarsu kullum. In ɗaya ya ƙaru, wa zai lura?" Na ce Allah zai lura. Ya ƙara sauri ya bar ni baya.

Inda ya kafa ƙarfen muka haƙa. Gaba tara muka yi, ruwa ya ɓulɓulo. Ruwan laka ba mai shansa, don haka muka jira kwana uku ya kwanta. Zailani ya ja da kansa, ya cika moɗa, ya miƙa wa wani makiyayi da fari ya raba da garkensa, yana zaune can gefe yana kallonmu. Bawan Allah ya sha, ya yi ta sa masa albarka. Bayan kwana huɗu aka tsince shi a bakin kogi, fuskarsa cikin ruwa, cikinsa ya kumbura kamar tulu, harshensa kuwa a bushe ƙamas. A wannan shekara gawa ba abin tambaya ba ce, aka rufe shi kawai.

Daga nan sai kwangila bisa kwangila. Zailani ya sayi Fijo, ya sayi kamyo na ɗaukar kaya, ya gina gidan siminti a unguwar Maourey, ya je Makka. Masu unguwanni suna layi a ƙofarsa, kowa na so a fara da tasa. Har yabonsa ake yi a masallaci, wai Alhaji ba ya buɗe rijiya sai ya fara shayar da miskini da hannunsa. Ni kuwa ina nan, ni ne shugaban leburorinsa, ina ci ina ƙoshi. Abin da kawai na yi shi ne na daina bi ta bakin kogi. Shi ma arzikin bai zaunar da shi ba, kullum yana cikin mota, kuma bai ƙara shan ruwan kowace rijiya ba sai na kwalba.

Rijiya goma sha ɗaya muka yi haka. Muna cikin ta goma sha biyu, babba ce kusa da lakkol ɗin Talaje, wato makarantar boko, aka kawo wani kaftin ya riƙe ayyukan gari. Mutum ne mai tsauri, ba ya karɓar ko goro. Ya iske rijiyar wani ɗan kwangila ta sa wa wata unguwa zawo, sai ya kafa doka: da zarar an taɓa ruwa, a sa murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli ya kwana a buronsa, wato ofishinsa, gardi mai kaki ya tsare wurin. Ranar buɗewa kuma ɗan kwangila zai ja gugan farko ya sha a gaban jama'a. Mutanen gari suka ji daɗin dokar nan ƙwarai, kuma da gaskiyarsu.

Zailani ya haukace da zirga-zirga. Ya lallashi gardin, gardin ya ce yana son wuyansa. Ya aika cewa ba shi da lafiya, kaftin ya ce za a turo mota ta ɗauko shi da tabarmarsa. Ya koma ƙetaren kogi shi kaɗai, ya dawo fuska kamar toka. Bokan ya ce masa in ruwan ya zube ƙasa, hannun da ya ja shi zai biya. Na ce to ya je ya faɗa wa kaftin gaskiya. Ya dube ni ya ce in na gaji da duniya in je ni in faɗa.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, ƴan ƙungiyar samariya suna ta kiɗa, ƴan lakkol sun yi layi da tutoci, mata sun jera tuluna har bayan masallaci. Zailani ya hana iyalinsa zuwa, amma matan unguwa suka je har gida suka ɗauko Inna Delu, wai ba a yi bikin rijiyar ɗa uwa na ɗaki ba. Aka zaunar da ita a gaba, Hawwa a gefenta, Jamila ƴar shekara bakwai a kan cinyarta.

Kaftin ya buɗe kwaɗo. Zailani ya ja guga, ya cika kofi, ya tsaya. Yana tattalin kada ɗigo ya zube. Kiɗa ya tsaya.

Kaftin ya ce, "Alhaji, muna jira."

"Mon kapiten, bari in fara ba wani mabuƙaci, haka na saba."

"Yau kai ne mabuƙacin. Sha."

Ya kai kofin kusa da baki, ya sauke. Ya sake kaiwa, ya sauke. Jama'a suka fara gunaguni, gardi biyu suka matso. Sai Inna Delu ta sauke Jamila ta miƙe da sandarta. Zailani ɗanta ne na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ci ko sha tare da shi ba. Da ta ga ya kasa sha, ita a ganinta kunyarta yake ji.

Ta ce, "Ɗan soja, yi haƙuri. Ɗan fari ne, ba ya shan ruwa a gabana. Kawo in sha masa."

Kaftin ya yi dariya, ya ce shaidar uwa ta fi ta ɗa. Mutane suka yi tafi. Ta miƙa hannu ta kama kofin, shi ma yana riƙe. Ina tsaye taku uku daga wurin, ina kallon yatsunsa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ko ya fizge ya shanye, ko ya watsar ya ɗauki abinsa. Sai na ga yatsun sun buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

Ta yi bismilla ta sha, ta ce ruwa mai daɗi, Allah ya yi albarka. Sannan ta yi abin da kowace tsohuwa ke yi da ragowarta, ta kafa wa jikarta kofin a baki ta ce ta sha albarka. Ɗan abin da ya rage Hawwa ta kurɓe. Duk wannan Zailani na tsaye, ni ma ina tsaye, kiɗa ya ci gaba.

Kafin la'asar tsohuwa ta fara neman ruwa. Ta sha moɗa, ta sha ƙwarya, ta sha randa, leɓunanta na tsagewa. Washegari Jamila ma ta kamu. An kai su likita, an yi ƙarin ruwa, an kira malamai, ba abin da ya tsaya. Yarinyar ba ta da jikin jurewa, kwana biyu ta yi, ta cika da kofi a hannu. Hawwa da ta sami ɗigo kawai ba ta mutu ba, amma hankalinta ya tafi. Sai a same ta durƙushe tana lasar gindin randa, daga baya danginta suka ɗaure ta suka tafi da ita Tawa.

Inna Delu ta kai kwana biyar. A na biyar ɗin da hantsi ina zaure, Zailani na tsaye bakin ƙofarta ya kasa shiga, muka ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Zailani. Zailani, ba ni ruwa."

Shekararsa arba'in da uku, ranar ya fara jin sunansa a bakin uwarsa. Ya cika moɗa ya nufi ɗakin, ya tsaya, ya dubi hannunsa, ya saki moɗar. Kafin wani ya kawo wata ta rasu.

Bai ƙara haƙa ko ramin shuka ba. Kwangilar da ya bari aka ƙwace, motoci suka tafi, gidan Maourey ya koma hannun wasu. Shekara tara ya yi yana yawo tsakanin Babbar Kasuwa da Talaje, ba takalmi, ba ya zama, ba ya bara. Aikinsa ɗaya ne: duk inda ya ga mutum ya kai kofi baki, sai ya ruga ya buge shi. Ya sha duka a kan haka ba iyaka. Mutane na cewa mugun mahaukaci ne mai hana shan ruwa, ni kaɗai na san kofin da yake son bugewa.

Rijiyoyin suna nan, wasu har yau ana sha, ruwansu garau. Ni dai in gaya muku, duk wanda ya ce zai ba ka arziki wani ya biya, ƙarya yake yi, kuma kai ma ka san ƙarya ce. Za ka fara da wanda ba ka san sunansa ba, zuciyarka ta saba, har ranar da wadda ta haife ka za ta miƙo hannu ka sakar mata. Kada kuma mai kallo ya ɗauka ya tsira. Taku uku ne tsakanina da tsohuwar nan, ina da baki, ina da hannu, na tsaya ina tunanin tuwona.