Ɗigon da Salima Ta Share

"To nuna mana! Nuna mana inda ya ɗiga!"

Tsahara ce ke wannan ihu, ta riƙe ƙugu a tsakar gidan ƙanenta Ya'u da ke unguwar Zariya a Maradi. Matar Ya'u kuwa, Salima, tana durƙushe a ƙasa da cikinta da ya fara tura zane, tana nuna wurin da motar maigidan ke kwana. Wayyo Allah... wurin fes yake! Farin rairayi ne sumul, har sawun tsintsiya ya fito layi-layi. Da hannunta ta share shi da safiyar nan, kamar kullum.

Salima marainiya ce 'yar Jiratawa. Wanta Shamsu ya rene ta da abin da yake samu a gonar zogalensa ta fadamar Gulbi. Gadon da uwa ta bar mata magana ce guda: kada hantsi ya iske tsakar gidanki da dauɗa. Ta tare a watan da Ya'u ya sayo motarsa a-kori-kura, kusan sabuwa fil, ledar kujerunta ma ba a yage ba, daga wani gidan sayar da motoci da ya ba shi garanti. Da ita yake kwasar kayan lambu zuwa kasuwannin Maradi da Tsibiri, ya fita da duku-duku, ba ya dawowa sai bayan magariba. In ya fita, Salima takan iske ɗan baƙin ɗigo a inda motar ta kwana, sai ta kwashe rairayin ta kai juji, ta zuba sabo, ta bi da tsintsiya. Ba ta taɓa ɗaukar abin komai ba. Injin ban-ruwan wanta tun tana yarinya yake ɗiga, ita a saninta kowane inji yana gumi.

Shi ma Ya'u da tasa tsaftar. Duk sa'ad da jar fitilar man inji ta kama, sai ya fara kai motar wurin wanki a fesa mata ruwa sama da ƙasa, don a cewarsa ba a zuwa gaban manya da dauɗa. Shef, wato shugaban garajin kamfanin da ya sayar masa da motar, ya ɗan sunkuya, ya ga ƙasan inji na ƙyalli, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Mushe, motarka lafiya lau." A ƙara mai, a sallame shi. Mutane na yabon tsafta, kuma sun yi daidai, amma ba wanda ke faɗin cewa wata rana takan wanke shaida tare da dauɗa.

A ranar da ake wannan tashin hankali, fitilar ta kama shi ne a hanyar Tsibiri da rana tsaka, ya tsaya cak, tumatir ya narke a kwanduna, zogale ya yi yaushi. Da ya kai motar, wankakkiya kamar kullum, shef ya ɗaure fuska ya ce, "Sabon inji ba ya shan mai haka, yoyo kuma mun duba babu. Wani na kwashe maka shi a gida. In injin nan ya mutu, garanti ba ruwansa."

Maganar nan ce ta faɗo wa Tsahara kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Tun da aurenta ya mutu take zaune gidan Ya'u, ita ke juya komai, har amarya ta zo makullin ɗakin ajiya ya koma hannunta.

"Ni na gani da idona, Ya'u!" in ji ta. "Ran da wanta ya zo, 'yar jarka ta naɗe mishi a zane. Mi ke ciki? Injin ban-ruwansu ai ba kunu yake sha ba!"

"Yaya Tsahara, ki ji tsoron Allah... man gyaɗa ne, ni na matsa da hannuna." Salima ta juya ga mijinta, hawaye na bin kumatunta. "Maigida, wallahi motar ɗiga take. Kullum sai na share."

"Kullum?" Ya'u ya dube ta da jajayen idanu. "Kullum kina gani ba ki taɓa gaya mini ba sai yau? Masana sun duba sun ce babu, ke kin fi su ne?"

"Ka bari zuwa gobe kawai, ba zan share ba, ka gani da..."

"Ta tsiyaya da kanta ta ce mota ce!" Tsahara ta tafa hannu. "Ɗiyar lambu, kin iya dabara!"

Ya'u ya kau da kai. "Tashi ki tafi gida, sai na neme ki."

Innalillahi! Ba saki ba ne, amma wace mace ce ba ta san nauyin wannan kalma ba? Haka ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta fita tana waiwayen tsakar gidan da ta bauta wa, ba wanda ya raka ta ko bakin ƙofa.

Kafin ta isa Jiratawa labari ya riga ta. An ce gaskiya dokin ƙarfe ce, to watakila shi ya sa take da nauyin tafiya, ita kuwa ƙarya a kan kabu-kabu take zuwa. Shamsu, wanda ko reshen zogalen wani bai taɓa karya ba, ya zama abin zolaya a bakin magudanar ruwa. In ya tayar da injinsa sai wani ya ce, "Kai, wanga inji daɗin murya! Man birni yake sha." Ya ɗauko jarkar da sauran man gyaɗa a ciki ya nuna, aka ce jarka ai ba guda ba ce a duniya. Maƙwabcin gonarsa ya fara ɗauke nasa man yana kaiwa gida. Ran nan Shamsu ya dawo yana huci, ya ce sai ya je Maradi an yi ta ta ƙare.

Salima ta riƙe ƙafarsa. "Yaya, don darajar iyayenmu da ke ƙasa, kar ka je. In ka ɗaga hannu, a ce ga ɓarawo ga ɗan tauri. Ni na jawo maka, ka yafe mini..."

"Mi kika yi, ƙanwata? Shara?" Suka haɗu suna kuka.

Ta shiga tsinkar zogale tare da matan ƙauye don kada ta zama kaya a kan matar wanta, ga ciki ya yi nauyi, ga ƙafafu sun kumbura. In ta sunkuya mata su yi ƙus-ƙus, in ta ɗago su yi shiru. Zazzaɓi ya kayar da ita, ta rame har ƙashin wuya ya fito. Amma abin da ya fi cin ranta ba ciwon ba ne. Tunanin ɗan da ke cikinta ne, wanda za a haifa a riƙa nuna shi ana cewa uwarsa ce ta saci man mijinta. A kan sallaya takan ce, "Ya Allah, hannuna ya goge shaidata, ba ni da wata sai Kai. Ka san abin da tsintsiyata ta kwashe..."

Wata rana da hantsi, tana zaune gindin mangwaro a gefen gona, sai ga Maman Lawali, maƙwabciyarsu ta Zariya, ta diro daga kabu-kabu gyale na ja da ƙasa.

"Salima! Ke Salima! Ba ni ruwa tukuna, bakina cike yake!" Ta kurɓa, ta zauna daɓas. "Tun da kika fita, tsintsiya ba ta ƙara taɓa gidan nan ba. Kin san mutuniyar, bayanta ba ya lanƙwasuwa. To ɗigo ya hau kan ɗigo, tun yana kamar tafin hannu har ya kai faifai. Ta gani, wallahi ta gani! Maimakon ta faɗi gaskiya, da mota ta fita sai ta shimfiɗa tabarma a kai ta zauna, ba ta janyewa sai duhu ya yi maigida zai shigo. Mu muna mamaki, mi ya haɗa Tsahara da zaman rana?"

Salima ta dafe ƙirji. "Ta sani... ta bar ni a nan?"

"Tsaya ki ji! Jiya za mu biki Tsibiri, matan unguwa duk mun taru a gidan, Ya'u zai kai mu. Ya dawo da rana tsaka, yana ta hon a ba shi hanya ya juya mota, ita kuwa ta kafe bisa tabarma da farar shaddarta. Ya ce, 'Yaya, tashi mana.' Ta ce ƙafarta ta yi sanyi. Muka kama ta muka ɗaga. Salima... mai ya ratsa tabarma! Baƙin tambari a mazaunanta, ya fi murfin tukunya! Wata ta ce, 'Tsahara, ke ma yoyo kike?' Mata suka zube da dariya. Shi dai Ya'u bai yi dariya ba. Ya ɗaga tabarmar, ya ga baƙin tabon a ƙasa, sai ya durƙusa ya sa kuka kamar yaro, yana kiran sunanki."

Salima ba ta yi guɗa ba. Ta kifa goshinta a ƙasa, tana faɗin, "Alhamdulillahi... Alhamdulillahi..."

Sauran labarin daga bakin Ya'u ta ji shi, don da la'asar sai ga shi a kan babur ɗin aro, ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce da safe ya kai motar kamfani da ƙurarta da taɓonta, ya ajiye ta a kan fararen tayil ɗinsu gaban masu saye, ya ƙi gusawa. Ba a jima ba baƙin mai ya fara sauka, ɗis... ɗis... Dole suka buɗe inji, suka tarar robar da ke toshe bakinsa, wadda suke kira juwan, tun asali a karkace take zaune. Wani mai irin motar da ke wurin ya ce shi direbansa ya kora a kan wannan magana. Mai kamfanin ya karɓi gyara a kan garanti, ya sauke shef daga kujerarsa. Tsahara kuwa ta tattara ta koma gidan kawunsu a Tsibiri, inda sunan Mai Tambari ya riga ta sauka.

Ya durƙusa a gabanta cikin kunyar zogale. "Salima, dare guda kika roƙe ni, na hana ki. Ban da bakin magana. Ki yafe mini, ki dawo ɗakinki."

Ta dube shi. "Maigida, nawa na yafe tun ban ga ranar nan ba. Amma ba sunana kaɗai aka ɓata ba." Ta nuna magudanar ruwa, inda manoma suka tsaya suna leƙe. "Ga wana can. A gabansu aka ce mishi ɓarawo."

Ya'u ya tashi, ya cire hularsa, ya taka har gaban Shamsu, ya faɗi komai da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Wanda ya fi kowa zolaya shi ya fara sunkuyar da kai. Shamsu ya goge ido da hannun riga, ya kama hannun surukinsa ya ce, "Ya wuce. Ka riƙe mini ita da kyau."

Da ta koma unguwar Zariya, mata suka cika gida da guɗa, kowa na cewa haƙuri ne ya fid da ita. Haƙuri ya yi nasa, ba musu. Sai dai da a ce wadda aka bari a gidan ta iya shara, da har yau Salima na gindin mangwaro ana ce mata ɓarauniya.

Washegari motar ta fita, gyararriya, ba ta bar ko ɗigo ba. Salima ta ɗauki tsintsiyarta, ta share gidan lungu-lungu har sawu ya fito layi-layi. Da ta iso kan tsohon baƙin tabon sai ta tsaya, ta shafa cikinta. Maman Lawali ta leƙo ta katanga ta ce, "Kawo in kwashe miki shi, ke da nauyi."

"A'a, Maman Lawali," in ji Salima. "Wannan a bar shi, har mai zuwa ya buɗe ido ya gani."

Ta kewaye shi da tsintsiya, ta ci gaba da shararta.