Muryar da Ke Bayan Waƙa

Ran kasuwar Batsari ta fara zuwa shagonsa, a shekarar da mutanen ƙauyuka suka cika azuzuwan firamare da tabarmi da tukwane. Zaharaddeen na zaune yana fifita da kwali, batirin sola ya mutu, kwamfutar da yake haɗa waƙoƙi da ita ta ɗauke. Sai inuwa ta rufe ƙofa. Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan toka, ta ƙanƙame wata tsohuwar waya da hannu biyu.

"Ina wuni, Malam. Kai ne mai gyaran murya?"

"Haka suke cewa. Bismillah, ga benci."

Sunanta Mahfuza. Daga wani ƙauye suke a bayan Yasore, amma tun da 'yan bindiga suka tashe su suna Safana, gidan ƙanen mahaifinta. Ta kunna masa abin da ta kawo. Mata ne ke daka suna waƙa, iska na bugun waya, awaki na kuka, can nesa ana ta hayaniya.

"So nake a rage ƙarar iskar," ta ce.

Tunda babu wuta, sai ya tura mata manhajar da ya ƙirƙira da kansa. Shekara biyu ya yi a kanta. Manyan manhajojin haɗa kiɗa maɓallai ne rututu, duk da Turanci, mutanensa kuwa masu kalangu ne da masu waƙar biki da malaman Islamiyya. Shi ya sa tasa maɓalli uku kacal ya yi mata: ja na ɗauka, kore na gyara, shuɗi na aikawa.

"Koren za ki danna, shi ke nan," ya ce yana ɗan ji da kansa.

Ta ƙura wa allon ido. "In na danna, wa zai zaɓi abin da za a cire?"

"Ita manhajar. Ta san murya, ta san hayaniya."

"Ta san mutanen garinmu?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta yi godiya ta tafi ba ta danna komai ba, shi kuma ya bi ta da kallo har ta shige cikin masu awon gero.

Kwana biyu ya daure, ran na uku ya tura mata saƙo a lambar da ta bari.

"Salam. Mai gyaran murya ne. Kin danna koren?"

"A'a. Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Ba ta tambaya, kuma ba ta da hanyar komawa baya."

Daga nan hira ta ɓarke. Ya bayyana mata cewa ya taɓa sa tambaya, amma duk tsohon da waya ta ce masa "ka tabbata?" sai ya firgita ya kashe ta. Ya taɓa barin tsohuwar ɗauka tare da gyararriya, wayoyin mutane suka cika, suka dawo suna faɗa. Ita kuwa ta nace cewa sauƙin ya yi yawa. Ya laƙaba mata Mai Kunne, don takan ji kuskuren da shi bai ji ba a waƙoƙin da yake tura mata. Ita ta koma kiransa Yaya Deeni.

"Mai Kunnena, yau na haɗa waƙa uku, duk ba su yi daɗi ba, don ba ki saurara ba."

"Kai dai Yaya Deeni. Ka ci abinci tukuna?"

"In kin ce in ci."

"Ka ci. Kuma kada ka biyo hanya bayan la'asar."

Ran da ya je gaishe da mahaifinta, Malam Manu, ya tarar da dattijo mai ramammiyar fuska zaune a zaure yana kallon bango. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Da aka zo kan sana'a, tsohon ya girgiza kai.

"Yaro, ban ƙi ka don halinka ba. Amma gidana gidan makoki ne. Ba na son kiɗa ya shigo shi."

Akwai kuma Haliru, ma'aikacin sakatariyar Safana, wanda ƙanen Malam Manu ke so a ba shi ita. Haliru ba mugu ba ne, sai dai baki. Shi ya ce wa Mahfuza manhajar Zaharaddeen wasan yara ce, ta ba shi wayar ya kai babban sitidiyo a Katsina. Maganar ta yi mata zafi. Don ta nuna masa ta yarda da aikin masoyinta, a gabansa ta danna koren.

Da hantsi ta kira. Zaharaddeen bai taɓa jin muryarta haka ba.

"Ta cire Inna."

"Wace Inna?"

"Innata, Saude. Tana can baya tana dariya, tana cewa in ajiye waya in zo in kama tankaɗe. Kwana uku muka yi a daji ran da aka shigo garinmu, ta iso Safana da tari, ba ta yi wata guda ba. Ko hotonta ba mu da shi. Ita nake so ta fito, Yaya Deeni, ba waƙar ba."

Ta turo masa gyararriyar. Waƙar ta fito tas, babu iska, babu awaki. A gurbin da matar take, shiru ne kawai, santsi kamar an shafe da hannu.

Ya rubuta: "Ki yafe mini. Ban sani ba."

Ta amsa: "Na tambaye ka tun ranar farko."

Daga nan ba ta ƙara amsa saƙonsa ba.

Sati biyu ya yi ba ya iya aiki. Duk waƙar da aka kawo gyara, sai ya tsinci kansa yana sauraren bayanta: wani yana tari, wata na kiran ɗanta, zakara na cara a garin da wataƙila yanzu ba kowa. Ya tuna ɗaruruwan ɗaukar da maɓallinsa ya goge, mutane nawa ne a ciki da ba za a ƙara jin su ba. Wani lokaci yana zaune shi kaɗai sai ya ji kamar dariyar mace a cikin lasifika, alhali a kashe take.

Ya koma Safana, ba wajenta ba, wajen gwaggonta. Tsohuwar ta yi dogon tunani, sannan ta ce kafin gudu Mahfuza ta taɓa tura wa maƙwabciyarsu Zuwairatu waƙar. An ce su Zuwairatu suna Karare.

Ya hau babur da sassafe. Hanyar da ya bi ta ratsa ta gefen wani ƙauye da aka watse. Bai tsaya ba, amma ya gani: rumbuna a ƙone, ciyawa ta kai ƙugu a ƙofar masallaci, turmi a kife tsakar wani gida da danga ta faɗi. Ko kare babu. Sai ƙarar injinsa da ke dawo masa daga bangaye. Ya yi ta salati har ya fita.

A Karare ya samu Zuwairatu tana ɓarar gyaɗa. Wayarta ta daɗe da lalacewa, amma memorin na ƙulle a bakin zaninta.

"Duk mutanenmu suna ciki," ta ce. "Ka kwafa a gabana, ba zan ba ka shi ka tafi ba."

Kwana tara ya yi yana sake manhajar. Yanzu ba ta goge ta asali, ko da waya za ta cika. Koren maɓallin ya zama layi da ake ja da yatsa: hagu a ji muryoyin da ke gaba, dama a ji waɗanda ke can baya. Ba kowa ya so ba. Malam Jinjiri mai kukuma ya zo har shago yana mita.

"Da dannawa ɗaya nake, yanzu ka sa ni jan layi kamar tela!"

"Ka yi haƙuri, Baba. Zan koya maka."

Wasu suka koya, wasu suka daina amfani da ita. Ya bar ta a haka.

Ya tura wa Mahfuza saƙo ɗaya: "Ina zaure. Na zo da Inna."

Ta fito ba takalmi. Malam Manu na zaune a inda ya saba. Zaharaddeen ya durƙusa ya miƙa mata wayarsa, ya nuna mata layin. Ta sa yatsa ta ja shi dama. Masu daka suka yi ƙasa, iska ta taso, sai ga dariya, sai ga murya kusa kamar daga bayan labule: "Mahfuza, ajiye wayar nan ki zo ki kama tankaɗe!"

Mahfuza ta toshe baki da hijabi. Malam Manu ya juya kansa wajen ƙofar cikin gida, kamar mai jiran a fito. Sannan ya ce, "Sake."

Sau huɗu aka sake. Ya share fuska da hannun riga.

"A ina ka samo?"

"Karare, Baba."

"Ta wace hanya?"

Ya faɗa. Tsohon ya dube shi sosai, karo na farko.

"Ka bi hanyar nan saboda muryar matata?" Ya gyara zama. "Ka turo manyanka ran Juma'a."

Da za ta raka shi, ta tsaya a bakin zaure, idanunta jajur.

"Da wani abu ya same ka fa?"

"Da kin rasa mai ba ki haushi."

"Kada ka ƙara, Yaya Deeni. Na gaji da rashi."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Safana. Haliru ma ya zo, ya yi musu fatan alheri. Mutanen ƙauyensu Mahfuza suka taho daga Karare, daga Batsari, wasu daga Katsina, karo na farko da suka haɗu wuri ɗaya tun ran gudu. Mata suka yi ta rungumar juna, ana tambayar wane, ana amsawa da "Allah ya jiƙansa", ana kuma guɗa.

Tun azahar aka fito da amarya, don a isa Batsari da sauran rana. Kafin ta shiga mota, gwaggonta ta kama hannunta, ta kira ango ta haɗa da nasa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari," ta ce. "Allah ya ba ku gidan da ba za ku taɓa gudu ku bari ba."

Duk wanda ke wurin ya ce amin, da ƙarfi.